Hafsan da ya faɗi ra'ayinsa a fili

Mu da muka tashi a garin Gadarif na ƙasar Sudan mun san yadda ake yi da sojan da ya ɗaga murya a gaban shugaba. A Janairun 1982 manyan hafsoshi suka faɗa wa shugaban ƙasa Ja'afar Numeiri gaskiya kan cin hanci da tsadar rayuwa. Bai ɓata lokaci ba ya sauke mataimakinsa, Janar Abdulmajid Hamid Khalil, wanda shi ne ministan tsaro, ya haɗa da wasu hafsoshin ya yi musu ritaya.

A Fabrairun 1989 kuma babban kwamanda Fathi Ahmad Ali ya miƙa wa Firayim Minista Sadiƙul Mahdi takardar ƙorafin soja kan yaƙin basasa na Kudancin Sudan: ko a ba su kayan aiki, ko a nemi sulhu. Ni a ganina abin da suka faɗa gaskiya ne. Amma takardar ta nuna wa kowa gwamnatin farar hula ba ta da ƙarfi, kuma ranar 30 ga Yuni Umar al-Bashir ya shigo ta wannan ƙofar, ya yi juyin mulki. Fathi kansa ya ƙare a gudun hijira a Masar.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne ƙaramin hafsa Muhammad Siddiƙ, da ya tsaya wa masu zanga-zangar adawa da al-Bashir a Khartoum a Afrilun 2019. Kawuna, tsohon saje, cewa yake yaron ya karya dokar bariki, har yau muna musu da shi a kan haka. A Fabrairun 2020 aka yi masa ritaya, matasa suka fito domin sa, aka tarbe su da barkonon tsohuwa.