Darussan horon bayan digirin digirgir: auna shaye-shaye a Jidda da Makka

Wanda ya gama digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam ya shiga horon bincike kan shaye-shaye yakan zaci lissafi zai ƙaro. Ana koyon lissafin, amma abin da ya fi cin lokaci shi ne samun amsar gaskiya daga bakin mai jin tsoro.

Tun a ƙofar shiga akwai tuntuɓe. NIDA, cibiyar binciken shaye-shayen ƙwayoyi ta Amurka, wadda aka kafa a 1974, tana ɗaukar nauyin irin wannan horo, sai dai tallafin horon da ake kira T32 na 'yan ƙasar ne da masu izinin zama na dindindin. Ɗan waje shirin INVEST na cibiyar aka tanadar masa, na wata 12 ƙarƙashin ƙwararren mai bincike.

Kayan awon da ake koyarwa ba sa aiki a Jidda da Makka sai an gyara su. Akwai dabarar bin kalanda baya-baya, inda ake tambayar mutum abin da ya sha kowace rana cikin kwana 30 ko 90 da suka wuce. Kalandar Miladiyya kaɗai ba ta tuna wa mutum komai. A kafa masa alamomi da Juma'a, azumi, Sallah, lokacin Hajji da ranar albashi. Azumi kansa yana sauya lokacin sha da yawansa, don haka kwatanta Ramadan da Shawwal kai tsaye kuskure ne. Tambayoyin ASSIST, ma'aunin haɗarin shaye-shaye na Hukumar Lafiya ta Duniya, guda 8 ne: a ƙwayoyi, maki 4 zuwa 26 haɗari ne matsakaici, 27 zuwa sama mai tsanani. Bahaushen da aka haifa a Makka sau da yawa Larabcin Hijaz ya fi zama a bakinsa, iyayensa kuma Hausa. A bar shi ya zaɓi harshe, kuma kada ɗan uwa ya yi tafinta.

Gwajin fitsari ne wurin da sabon shiga ya fi yaudarar kansa. Amfetamin, ƙwaya mai sa kuzari, kan ɓace cikin kwana 2 zuwa 4, shi ya sa gwaji sau ɗaya a mako ba ya isa; sau biyu ko uku ake yi. Hashish, wato ƙaron tabar wiwi, kuwa yakan kai wata guda a jikin wanda ya daɗe yana sha, sai a zargi wanda ya daina. Tiramol ba ya fitowa a gwajin gama-gari na dangin hodar hiroyin, haka ma Lyrica, maganin ciwon jijiya da wasu ke sha don maye, kowanne sai da nasa gwajin. Wasu magungunan mura suna iya fitowa kamar amfetamin, dole a tabbatar da na'urar tantance sinadarai ta GC-MS. Ƙwayar kaftagon ta kasuwa ma ba sinadarinta na asali, fenetilin, ba ce, galibi amfetamin ne da kafeyin, don haka ƙirga ƙwayoyi ba ya nuna adadin abin da ya shiga jiki.

A jinyar masu shan kaftagon da shabu (wato metamfetamin), ba da lada ga duk wanda gwajinsa ya fito da tsabta yana cikin hanyoyin da suka fi hujja. Amma salon da ake zaro takardar kyauta daga kwano zai yi wa kwamitin ɗa'a mai amincewa da bincike da kuma iyaye kama da caca. Takardar sayayya mai ƙaruwa da kowane gwaji mai tsabta ta fi sauƙin karɓuwa.

Sai batun sirri. Takardar kare sirrin mahalarta da ake bayarwa a Amurka ba ta da ƙarfi a Saudiyya. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ba zai sa hannu a takarda mai sunansa ba, kuma da gaskiyarsa. A nemi kwamitin ɗa'a ya amince da yardar baki, a ba kowa lamba, kada a tambayi matsayin iƙama in binciken bai buƙace shi ba. Binciken da ya tsaya kan majinyatan asibitocin Irada, masu jinyar masu shaye-shaye, kaɗai kusan maza zai gani, masu takardu, kuma a rubuta hakan ƙarara a rahoto. Mahalarcin da ya daina zuwa kuma kada a goge shi daga lissafi: a fitar da sakamako sau biyu, ɗaya a ɗauka ya koma sha, ɗaya a bar gurbinsa babu amsa, a nuna duka biyun.