Daga wane gari kika taso, Inna?

Duk wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin da ake duba mata masu ciwon nono ya san wani abu da ba a koya mana a makarantar jinya ba. Kafin likita ya ce mace ta sauke mayafi, sunan garin da ke kan katinta ya riga ya faɗa maka rabin abin da za a gani. Na yi shekaru ina aikin jinya a wani asibiti a tsakiyar Sudan, a sashen da ake karɓar masu ƙari a jiki a tura su gaba. Da yake ni Bahaushiya ce 'yar Mai Wurno, wani gari a bakin kogin Shuɗin Nilu a nan Sudan, duk dattijuwar da Larabci ya yi wa nauyi a baki ni ake kira in zauna da ita. Ta haka na riƙa jin labaran da ba sa shiga fayil.

Likitoci sun kasa ciwon daji mataki huɗu. A sankarar nono, wadda ita ce ta fi kama mata a ƙasar nan, mataki na ɗaya shi ne ƙullutun bai wuce santimita 2 ba kuma yana nan inda ya tsiro. A na biyu ya ƙara girma ko ya taɓa kaluluwar hammata. A na uku ya kama fata ko ƙirji, fatar ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemo, wani lokaci ma ta fashe ta zama gyambo. A na huɗu ya yi tafiya zuwa ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa. Wadda aka kama nata a na ɗaya ko na biyu, da yardar Allah tana warkewa ta aurar da 'ya'yanta. Wadda ta zo a na huɗu, abin da ya rage mana shi ne mu rage mata raɗaɗi, mu ja mata kwana gwargwadon iko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wannan ciwo suna nan da rai bayan shekara biyar, a Indiya 66, a Afirka ta Kudu 40. Babban dalilin wannan rata shi ne lokacin da aka gano ciwon da kuma samun magani. A Sudan kuwa, binciken da aka yi a cibiyoyin Khartum da Wad Madani duk bakinsu ɗaya: mafi yawan mata suna isowa ne a mataki na uku ko na huɗu.

Sai dai wannan magana ta "mafi yawa" tana rufe wani abu. Ba ko'ina ne lamarin yake iri ɗaya ba. Malamar makaranta da ke zaune a cikin Madani, ko matar ɗan kasuwa daga Sinnar, sau da yawa takan zo da ɗan ƙullutun da sai an lalubo shi da yatsa. Mace daga ƙauyukan kudancin Gadarif ko daga can bayan Damazin takan shigo tana tallabe da hannunta da ya kumbura, ƙyalle ɗaure a ƙirji, wari ya riga ta shiga ɗaki. Ciwon ɗaya ne, shekarun ma wani lokaci ɗaya.

Nisan tafiya na daga cikin dalili, kuma tarihi ya nuna haka. Tun daga 1967 da aka buɗe cibiyar gasa ciwon daji da na'ura a Khartum, wadda kowa ke kira Asibitin Zarra, ita kaɗai ce a duk faɗin ƙasar har zuwa 1999, lokacin da cibiyar Jami'ar Jazira da ke Wad Madani ta fara karɓar marasa lafiya. A lokacin Sudan ba ta rabu biyu ba, ita ce ƙasa mafi girma a Afirka. Daga baya aka samu cibiyoyi a Shandi da Marawi, duk a arewa, a bakin Nilu. Wanda ke Darfur ko Kurdufan ko iyakar Habasha, tafiya ce ta gaske a gabansa. Daga Gadarif zuwa Madani kaɗai ya haura kilomita 200, kuma wannan lissafin kwalta ne, ba a sa hanyar da za ta fito da kai daga ƙauye zuwa kwaltar ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, nisan ba a kilomita kaɗai ake auna shi ba. A cikin gonakin Jazira, babban filin noman ban-ruwa da ke kusa da Madani, akwai ƙananan matsugunan leburori, kanabi, inda mutanenmu da 'yan yammacin Sudan da yawa suka zauna tun zamanin da aka buɗe madatsar Sinnar a 1925 ana neman masu cirar auduga. Wasu daga cikinsu tafiyar awa ɗaya ce a mota zuwa Madani. Duk da haka matan da ke fitowa daga can, ciwonsu ya fi kama da na wadda ta taso daga iyakar ƙasa. Babu ɗakin shan magani a wurin, da yawa ba su da katin inshorar lafiya, kuma ranar da mace ba ta fita gona ba, ranar tukunya ba ta hau murhu ba. Ƙauyen da ke tsallaken magudanar ruwa kuwa yana da ma'aikacin lafiya, yana da ɗa ko jika da ke aiki a birni wanda zai ɗaga waya ya ce a kawo ta gobe.

Akwai wata dattijuwa da ba na mantawa da ita. Ɗanta ne ya kawo ta, nonon hagu ya riga ya fashe. Wani daga cikin matasan likitoci ya girgiza kai ya ce, kamar yadda aka saba cewa, mutanen ƙauye ba sa zuwa sai abu ya lalace. Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, tun yaushe kika fara jin abin nan?"

Ta ce, "'Yata, tun kafin azumin bara waccan."

Na ce, "To me ya hana ki zuwa asibiti?"

Ta dube ni ta ce, "Ai na je."

Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wata baƙar leda da aka ƙulle sau biyu. A ciki akwai takardu da suka yi laushi saboda ninki, da fankon katin ƙwayoyi da ta shanye tas ta adana. Wuri na farko an ce mata ƙurji ne, aka ba ta kafso na mako guda. Da bai baje ba ta koma, aka sauya mata wani, aka haɗa da allura. Wuri na biyu, a wani gari mai kasuwa, aka tsaga wurin aka ce za a fitar da mugunya, ba a aika komai ɗakin gwaji ba. Sai bayan nan ta je wurin mai magani, ya yi mata ƙaho da turare. Wuri na uku ne aka rubuta mata takardar zuwa birni, lokacin kuwa damina ta sauka, hanya ta mutu. Ko ɗaya daga cikin takardun nan ba ta yar ba. Matar da aka ce ta ƙi asibiti ke nan.

Tun daga nan duk wadda ta zo da ciwo ya yi nisa ina tambayarta wa ta fara nuna wa, kuma me aka ce mata. Amsar da na fi samu ta nuna mini cewa jinkiri iri biyu ne. Akwai wanda mace ke yi a gida, akwai kuma wanda muke ja mata mu ma'aikatan lafiya bayan ta kawo kanta. Na biyun ne ya fi bambanta wuri da wuri, domin ya danganta da wanda ke zaune a kan kujerar ɗakin shan maganin garinku: ya san cewa ƙullutu mai tauri marar zafi a nonon mace mai shekara arba'in ba na kafso ba ne, ko bai sani ba? Idan ya sani, akwai inda zai tura ta a ɗauki ɗan yankin tsokar a gwada, sakamako ya dawo kafin wata uku? Shi ya sa kalmar jahilci take ƙona mini rai idan aka jefa wa matan nan. Tana da sauƙin faɗa, kuma tana wanke mu.

Ba ina cewa babu jinkirin gida ba. Akwai kunya, musamman idan namiji ne zai duba. Akwai tsoron a yanke nono miji ya juya baya. Akwai maganar da ta zauna a zukata cewa idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu, wadda kuma ta samo asali ne daga ganin waɗanda aka yi wa aiki bayan ciwon ya riga ya bazu. A garin da ba a taɓa ganin wadda ta je ta dawo da lafiyarta ba, wa zai yarda ana warkewa? Su ma maza ba a bar su a baya ba: mai sa tumbak, wato garin taba, a leɓe zai yi shekara da gyambo a baki yana cewa haƙori ne, tsoho kuma ya ɗauki wahalar fitsari a matsayin rabon tsufa.

Lokacin shekara ma yana da hannu. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, idan ruwa ya zauna daga Yuni zuwa Oktoba mota ba ta shiga ƙauyuka da dama sai tarakta. Kuɗi kuma ba ya shigowa hannu sai an yanke riɗi, an girbe dawa. Don haka bayan kaka ne muke ganin an cika benci. Wata huɗu ko biyar na jira ya isa ya ɗauke ciwo daga mataki na biyu ya kai shi na uku.

Wani darasin kuma daga littafin rajista na same shi. Akwai yankunan da za ka yi ta buɗe shafi ba ka ga sunansu ba. Mai karanta alƙaluma daga ofis zai iya cewa ciwon daji ya yi ƙaranci a can. Ni kuwa na san mutanen wuraren, ina jin ta'aziyyarsu: wance ta rasu bayan doguwar jinya, wane cikinsa ya kumbura har ya cika. Ba a taɓa rubuta su a matakin komai ba, domin ba su iso ba. Garin da aka ga yawan masu zuwa a makare, aƙalla suna zuwa.

Abin da ya ba ni ƙarfin zuciya shi ne wani aiki da aka yi a nan jihar Jazira, wanda Dakta Dafalla Abu Idris da abokan aikinsa na cibiyar Madani suka jagoranta, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet Oncology a 2013. A yankin Keremet aka zaɓi 'yan mata daga ƙauyukan kansu, aka koya musu duba nono da hannu, suka bi gida gida. Daga 2010 zuwa 2012 sun duba mata 10,309. Suka tura 138 zuwa cibiyar, 118 suka je. A cikinsu 101 abin da ke jikinsu ba daji ba ne, 17 kuma aka same su da shi, mafi yawansu tun yana farko-farko, kuma bayan magani 12 sun rabu da ciwon. A yankin Abu Guta da aka ajiye don kwatanci, inda ba a tura kowa ba, mata huɗu kacal suka kawo kansu, uku daga cikinsu ciwon ya riga ya yi nisa. Jiha ɗaya, asibiti ɗaya. Ba a sayo wata na'ura mai tsada ba. 'Yar maƙwabta ce ta yi sallama ta shiga ɗaki, da yaren da matar gida ke ji. Ina kuma yawan tunanin mata 20 ɗin nan da aka tura ba su je ba, domin ganowa kaɗai ba ta biyan kuɗin mota.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni uku ga sankarar nono: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kukanta wurin ma'aikacin lafiya, kuma kashi 80 su gama maganinsu har ƙarshe. Ni dai ina ganin idan za a auna mu da waɗannan, kada a auna ƙasa dunƙule. A auna ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya, domin alƙaluman birni suna iya rufa wa ƙauye asiri har a ɗauka ana ci gaba.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 ya sake zana taswirar gaba ɗaya. Asibitin Zarra ya tsaya, marasa lafiya suka kwararo Madani. A Disamba na shekarar Madani ma ta faɗi, a tsakiyar 2024 wutar ta kai Sinja da kewayen Sinnar. Masu karɓar kimawi, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, suka watse zuwa Gadarif, Kasala da Fot Sudan da rabin magani a jiki, mai buƙatar gashi kuma sai ya nufi Marawi can arewa. 'Yar birnin da a da take zuwa da ƙaramin ƙullutu ta ɗanɗani abin da 'yar ƙauye ta daɗe tana sha. An ƙwato Madani a Janairu 2025, amma matan da suka ji ƙullutu a shekarun gudun nan suka yi shiru don babu inda za su, yanzu ne za su riƙa fitowa, kuma mun san matakin da za su zo da shi.

Idan za a sake gina harkar lafiya, ina roƙon kada a fara da manyan gine-gine a birni kaɗai. A koya wa ungozoma da ma'aikacin ɗakin shan magani na kowane gari cewa duk ƙullutun da ya wuce mako biyu bai baje ba a tura shi gaba, kada a tsaga, kada a sake rubuta kafso. A sa ranar da likita zai riƙa zuwa asibitocin ƙananan hukumomi ya ɗauki tsokar gwaji a can, kafin damina ta rufe hanya. A kanabi da ƙauyukanmu na bakin Shuɗin Nilu da Gadarif kuwa, a zaɓi masu bi gida gida daga cikin 'yan matan wurin, waɗanda za su yi wa Inna da Gwaggo bayani da Hausa, kuma a ware kuɗin motar wadda aka tura.