Injin dafa giya da na haɗa da tukunyar gwanjo

A kusan kowane tsohon gida a nan Jamus akwai wata ƙatuwar tukunyar lantarki da ke zaune a ɗakin ƙasa tana shan ƙura. Da ita tsofaffi ke dafa kwalaben 'ya'yan itace da kayan lambu lokacin kaka, don su kai su har ƙarshen hunturu. Tana cin lita 27 zuwa 29, hitarta a ɓoye take a ƙarƙashin gindi, ƙarfinta wat 1800 ko 2000. Jikoki ba su san abin da za su yi da ita ba, sai su saka ta a kasuwar gwanjo ta intanet. Can na samu tawa, ta ƙarfe marar tsatsa, a kan Yuro 40, kuma a kanta na gina duk sauran injin.

Na san da yawa daga masu karanta ni Musulmi ne, ba sa sha, kuma ba tallan sha na zo yi ba. Ni ɗan Filato ne, a gidanmu an dafa burkutu, sana'ata kuma wayarin, yanzu a Nürnberg nake yin ta. Abin da ya ja ni ga wannan aiki shi ne ya haɗa wuta da ruwa da hatsi wuri guda. Shi injin kansa ko ɗigon barasa ba ya yi. Abin da ke fitowa daga famfonsa ruwan tsiro ne mai zaƙi, irin wanda ake yin lemon malt na kwalba da shi. Barasa sai an juye ruwan a wani bokiti daban, an zuba yis, an jira mako biyu.

A da, mai dafa giya a gida tukwane uku yake jerawa: ta ruwan zafi, ta jiƙa tsiro, ta tafasawa. Masu yi a Ostireliya ne suka yayata dabarar zuba tsiron a jakar yadi a tsoma a tukunya ɗaya, in ya gama sakin zaƙinsa a ɗaga jakar. Kamfanoni kuma suka yi irin wannan da kwandon ƙarfe da injin zagaya ruwa, kamar Braumeister na Speidel a nan Jamus da Grainfather daga New Zealand. Kaya ne masu kyau, ban raina su ba. Amma Braumeister mai lita 20 ya haura Yuro 1000, kuma da na leƙa cikin na wani abokin aikina, abin da na gani tukunya ce, da hita, da injin zagaya ruwa, da na'urar riƙe zafi. Duka nawa bai kai Yuro 300 ba.

Kwandon na yi shi da wata tukunyar miya mai lita 20 da ke shiga cikin babbar, ta bar tazarar yatsa biyu a kewaye. Na yanke hannuwanta, na tsattsaga gindinta da garanda mai siririn faifai, tsaga bayan tsaga, kowace faɗinta bai fi milimita 1 da ɗoriya ba. Na sa mata ƙafafu uku na dogayen kusoshi masu noti, don ta tashi santimita 5 daga gindin babbar. Wannan tazarar ba ado ba ce. In hatsi ya zauna kai tsaye a kan inda hita take, ƙanzo za ka samu, kuma ɗanɗanon ƙauri in ya shiga ruwan babu abin da zai fitar da shi.

Huda ƙarfe marar tsatsa yana son haƙuri. In ka ba dirila gudu, wurin zai yi zafi ya taurare, bakin dirilar ya dakushe, kai kana gumi ƙarfen yana nan yadda yake. A hankali ake yi, ana danna wa da ƙarfi, ana ɗiga mai. Rami biyu na yi a babbar tukunyar: na milimita 21 don famfo mai rabin inci, da wani ƙarami don ma'aunin zafi. Ban yi walda ko ɗaya ba, noti da zoben roba mai jure zafi sun toshe komai.

Injin zagaya ruwan ƙarami ne, irin mai juyawa da maganaɗisu, wanda ke jure ruwa mai tafasa. Ba ya iya tsotso da kansa, dole ya zauna ƙasa da tukunya ruwa ya gangaro masa. Yana jan ruwa daga ƙasa, ya tura ta tiyon silikon zuwa sama, ruwan ya zubo a kan tsiron ya ratsa shi ya koma ƙasa. Makunnin rage gudu a bakin fita ake sa shi, ba a bakin shiga ba. Kuma a nan ne hannun mutum ke aiki fiye da ko'ina. In ka buɗe shi da yawa, injin zai ja ruwa fiye da yadda tsiron ke saki, tsiron ya danne ya toshe, ruwa ya taru a kwando yana neman ambaliya, ƙasa kuma ta bushe hita tana ci. Ni nakan bar tsiron ya jiƙu minti 10 kafin in kunna, sannan in buɗe kaɗan, ruwan na zuba siriri, ina kallon tsayinsa a kwandon. In ya fara hawa, in rage.

Akwatin wuta shi ne ɓangarena, don haka bari in ɗan daɗe a kansa. Makunnin zafi da ya zo da tukunyar na murɗawa ne, yana iya kaucewa da digiri da yawa sama ko ƙasa. Don dafa kwalaben tumatir wannan ba komai ba ne, don tsiro kuwa bai isa ba. Na murɗa shi har ƙarshe na bar shi, na ba wata ƙaramar na'ura mai allo ikon kunnawa da kashewa. Tana karanta zafi daga ma'aunin PT100, ta ba da umarni ga rile, wato makunnin lantarki marar motsi, wanda zai iya kunna hita ya kashe ta kowane daƙiƙa biyu ba tare da ya ci baki ba. Wat 2000 a kan bolt 230 amfiya 8.7 ke nan, soket ɗin gidan Jamus kuwa yana ɗaukar 16, saboda haka akwai sarari. Amma rilen kansa yana zubar da kusan wat 10 na zafi a wannan nauyi, dole a ɗaure shi a kan farantin alminiyom mai haƙarƙari. Na sayi mai lambar amfiya 40, domin lambar da ake bugawa a jikin masu araha ba abin dogaro ba ce. Wani abu da ba kowa ya sani ba: irin wannan rile in ya lalace, yawanci a kunne yake mutuwa. Shi ya sa na sa makunnin hannu mai yanke wayoyi biyu a gabansa. Jikin tukunya da na akwati duk sun samu wayar ƙasa, kuma komai yana bayan na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30. Za ka tsaya ne da jiƙaƙƙen hannu a kan jiƙaƙƙen siminti kana riƙe da ƙarfe. Wanda bai san wayarin ba ya kira wanda ya sani, ko ɗan'uwana ne haka zan gaya masa.

Ma'aunin zafin na sa shi ƙasa, kusa da famfo, inda ruwan ya fi zafi. In yana sama a cikin tsiro, kafin ya ji canji ruwan ƙasa ya riga ya wuce gona da iri.

Me ya sa ake wannan wahala a kan digiri biyu ko uku? Duk wadda ta taɓa dama kunun zaƙi ta san amsar. Kunu ya yi kauri, a jira ya ɗan huce, a zuba niƙaƙƙen tsiro ko ɗanyen dankali, kafin gari ya waye ya tsinke ya yi zaƙi. In an zuba yana tafasa, ba abin da zai faru. Cikin tsiro akwai sinadarai biyu masu yanka sitaci su mayar da shi sukari. Ɗaya yana aiki sosai tsakanin digiri 60 da 65, yana ba da sukarin da yis ke cinyewa. Ɗayan ya fi son 70 zuwa 75, yana barin sukari mai nauyi da ke ba giya jiki. In ka tsaya a 63 za ka samu abu mai kaifi marar zaƙi, in ka tsaya a 69 za ka samu mai kauri a baki, alhali hatsi ɗaya ka zuba. Ni nakan riƙe 66 na awa ɗaya, in ɗiga ruwan a farin faranti in sa masa aidin. In ya yi baƙi-baƙi da sauran sitaci, in launi bai canza ba an gama. Daga nan in hau zuwa 78 in ɗaga kwando.

Lissafin lokaci ba ya ƙarya. Lita 25 daga digiri 15 zuwa 65 da wat 2000 minti 44 ne a takarda, a zahiri kusan 50, shi ma don na naɗe tukunyar da tabarmar soso. Ranar dafuwa guda tana cin yunit 5 zuwa 6 na wuta. Wani ƙanena a Jos ya tambaye ni ko zai iya yin irinsa. Na ce ƙaramin janareto ba zai ɗauki hitar ba, gara ya dafa da gas, ya bar wa lantarki injin zagaya ruwa da ma'auni kawai, waɗanda batir da inbata ma za su riƙe.

Kilo 5 na ɓarzajjen tsiron sha'ir in ya sha ruwa yana ninka nauyinsa, ga kwandon ƙarfe, ga tururi a fuska. Na kafa ƙugiya a silin na rataya ƙaramar kurar ɗaga kaya da igiya. Tafasawa awa ɗaya ce, tukunya a buɗe, don akwai wani wari irin na dafaffen masara da dole ya fita da tururi. A nan ake zuba furen hop mai ɗaci, nawa daga Hallertau yake zuwa, nan kudu da mu. Lita 3 zuwa 4 na tafiya a iska. Sai in tsoma naɗaɗɗen bututun tagulla mai mita 10, ruwan sanyi na bi ta ciki, in sauko da zafin zuwa 20.

Duk wannan na sha'ir ne, kuma injin don sha'ir aka ƙirƙiro shi. Dawa wata aba ce daban, a kanta kuma na fi kashe tunani.

Sitacin sha'ir yana narkewa a daidai zafin da sinadaran nan ke aiki, shi ya sa tukunya ɗaya da zafi ɗaya suka isa. Sitacin dawa sai zafi ya kai wajen 70 zuwa 80 yake buɗewa, a lokacin kuma sinadarin farko, wanda dama dawa ba ta da shi da yawa, ya riga ya mutu. Ƙari a kan haka dawa ba ta da ɓawon da ke zama rariya a cikin kwando. Wannan matsala ce ta sha wa manyan kamfanonin giya na Nijeriya kai bayan gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, suka koma ga dawa da masara, da yawa suna ƙarawa da sinadaran da ake sayowa.

Gwaggona ba ta sayo komai ba. Takan dama garin tsiron dawa da ruwa a randa, ta bar shi ya kwanta. Ruwan saman, garai-garai, ta kwashe shi da ƙwarya ta ajiye gefe. Dusar ƙasan ta ɗora a wuta tana tuƙawa har ta dahu ta yi kauri. Sai ta sauke, ta bari ya sha iska, ta tsoma yatsa, in ya yi mata ta mayar da ruwan da ta ajiye. Ina yaro ina ɗauka tsawaita aiki ne kawai. Ashe sinadaran ne ke cikin ruwan saman, ta kuɓutar da su daga wuta, ta dafa sitacin shi kaɗai, sannan ta haɗa su a zafin da za su yi aiki. Da na kira ta na ce, “Gwaggo, wa ya koya miki kwashe ruwan nan?” sai ta ce, “Kai ɗan nan, wa ke koya wa mutum? In ba ka kwashe ba ai ruwan banza za ka sha.”

Haka nake yi da injin yanzu. Ina tsirar da dawar da kaina, daga shagon kayan Afirka nake sayo ta, in shanya, in murje saiwar da tohon in sheƙe su tas, domin tohon dawa yana da guba irin ta ɗanyen rogo. In cakuɗa ɓarzajjen tsiron da buntun shinkafa, hannu uku ko huɗu, ya tsaya a madadin ɓawo. In jiƙa a digiri 50 na rabin awa, in buɗe famfo in tsiyaye yawancin ruwan a bokiti in rufe. In zuba sabon ruwa, in hau zuwa 88, injin zagaya ruwa na tafiya a hankali ƙwarai, saboda a nan ne abin ke yin danƙo yana neman toshewa. Bayan minti 30 in kashe hita, in ɗan sanyaya, in mayar da ruwan bokitin, ma'auni ya zauna a 63. Cikin minti kaɗan za ka ga kaurin ya saki, ruwan tiyo ya fara gudu da kansa ba tare da ka taɓa makunni ba.

Abin da ke fitowa ba burkutu ba ne, kuma ba na kiransa haka. Burkutu yana kwana ya yi tsami kafin tafasa ta biyu, ba a sa masa hop, ana shan sa da kauri yana kan tashi, kwana biyu ko uku ya wuce. Nawa tatacce ne, ja-ja, yana zama a kwalba wata da watanni. Zallar dawa takan fito da ɗan bauri da rashin kumfa, saboda haka na tsaya a kashi ɗaya dawa, kashi biyu sha'ir, ina zuba sha'ir ɗin a lokacin da nake mayar da ruwan bokiti. Dokar tsarkin giya ta Bavaria ta 1516, wadda ta ƙayyade abin da za a yi giya da shi, ba ta san dawa ba, amma ba ta shafi abin da mutum ya dafa don kansa ba. Abin da ya shafe ni haraji ne: har ƙarshen 2024 lita 200 a shekara ake yafewa, daga 2025 aka ɗaga zuwa 500, sayarwa kuma babu ita. Ni da tukunya mai ba da lita 20 ko kusa da tsohuwar iyakar ban taɓa zuwa ba.

Abin da ya rage mini shi ne tururi. Ɗakin ƙasa taga ɗaya gare shi, lita 4 na ruwa a iska kuwa sai sun sauka a bango, mai gida ya riga ya yi magana. Ina haɗa murfi mai lanƙwasasshen bututu, da ƙaramin bakin feshi a ciki da zai riƙa watsa ruwan sanyi, tururin ya koma ruwa ya bi magudana. Bututun ya iso, bakin feshin nake jira.