Kujerar matuƙin jirgin Kawu

Yau Talata da hantsi na nufi 'Yan Katako da ke Na'ibawa, domin aikin da Kawu ya ɗora mini ba kowane irin katako yake so ba. Kawu ya daɗe a Legas, kuma bayan ya yi ritaya ya sayi wani tsohon jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, sai ya tarar wurin zaman matuƙi ya ruɓe, ga shi bayansa ba ya jure doguwar tsayuwa a gaban sitiyari. Ya turo mini awo da hotuna ta WhatsApp, ya ce aikin hannun ɗansa yake so, ko da yake ɗan nasa bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga girma ba.

Loko na zaɓa bayan na zaga rumfuna kusan goma, saboda yana da ɗan maiƙo, ba ya saurin ruɓewa a ruwa, har masu ƙera jirage a Turai suna aiki da shi. Aibinsa shi ne yana dakushe zarto, ƙurarsa kuma tana sa atishawa, don haka sai da muka ɗaure hanci kafin mu fara yanka.

Siffar kujerar ce ta fi cin lokacina. Da na zana ta a kwali, yaron shagona ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Oga, wannan kujera ce ko tozon raƙumi?" Ban ga laifinsa ba, domin tsakiyarta a tashe take, gefe biyu kuma sun gangara. Dalili shi ne jirgi mai filafilai ba ya tafiya a miƙe idan iska ta bugo shi daga gefe. Yakan karkata da digiri 15 zuwa 20, ya daɗe a haka. Idan kujerar shimfiɗaɗɗiya ce, matuƙi zai yi ta zamewa, amma idan tana da tozo, duk inda jirgin ya kwanta akwai wurin da zai zauna daram, idonsa yana kan gaba. Na ɗora kwalin a kan benci, muka ɗaga ƙafa biyu da bulo, na zauna a kai har sai da na gamsu da lanƙwasar.

Bayan azahar na shiga Sabon Gari neman noti marar tsatsa. Wani mai shago ya rantse mini cewa nasa ba ya tsatsa, amma da na kara maganaɗisu sai ya manne tsam, na ajiye masa abinsa ba tare da musu ba. Maganaɗisu ma ba ya raba gardama duka, domin ruwan gishiri ƙarfe mai lamba 316 yake bukata, wanda ake buga wa A4 a kai, alhali mai lamba 304, wato A2, shi ma ba ya mannewa sosai, amma yana yin tabo a teku. A shago na huɗu na samu guda 24 kacal.

Abin da nake ta jinjinawa shi ne bambancin iskar garuruwan biyu. Yanzu hunturu ne, katako ya bushe ƙayau a Kano, kuma da zarar ya sauka Legas zai sha laima ya kumbura ta faɗinsa. Saboda haka ban haɗe sillayen katakon ba, na bar tazarar milimita 6 a tsakaninsu, wadda za ta ba su wurin buɗewa, ruwa kuma ya riƙa tsiyayewa. Soson katifa na hana a sa, tunda shan ruwa yake yi. Sai an samo irin wanda ƙofofinsa suke a toshe.

Bayan magariba na kira Kawu ina nuna masa aikin ta bidiyo, ya yi ta sa albarka, can sai ya yi shiru ya ce, "Af, na manta ban gaya maka ba." Ashe a ƙarƙashin wurin akwai murfin da ake buɗewa a zura sandar tuƙi ta gaggawa idan igiyar sitiyari ta tsinke, ni kuwa na riga na tsara kujerar a kafe. Na ce, "Kawu, ai gara da ka tuna yanzu." Ya yi alkawarin auno faɗin murfin da safe, ni kuma zan warware ƙafafun baya in koma Sabon Gari neman hinji mai A4.