Gyaran Akwatin Wutar Gidan Kawuna da Kwana Ukun da Muka Jira

A ƙarshen watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma fankoki da firji ba sa hutawa, kawuna ya kira ni ya ce fitilun gidansa sun rikice: na falo suna haske kamar za su fashe, na ɗakunan baya sun dusashe, ga kuma warin ƙonanniyar roba a kusa da akwatin rarraba wuta. Na daɗe ina aikin wayarin gidaje, saboda haka tun a hanya zargina ya tafi kan wayar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Gidan layi uku ne ke shigar masa, abin da muke kira fes uku. Tsakanin kowane layi da nutural akwai kimanin bolt 230, tsakanin layi da layi kuwa kusan 400, kuma idan nutural ta saki, wutar ba ta rabuwa daidai, sai ɓangaren da ba shi da kaya da yawa ya sha ƙarfin da ya wuce ƙima, ɗaya ɓangaren kuma ya rasa.

Da na isa na kashe babban makunni, na buɗe murfin, na tarar da inda wayar kamfani ta shigo ya yi baƙi ƙirin. Wayar alminiyam ce aka ɗaure kai tsaye da ta jan ƙarfe, kuma waɗannan biyun ba sa zaman lafiya a ƙarƙashin noti ɗaya, domin alminiyam yana yin tsatsa mai fari, yana kumbura da zafi ya koma, har ɗaurin ya yi sako-sako ya riƙa tartsatsi.

Matsalar ita ce wurin da ya ƙone yana gaban babban makunnin ne, ta ɓangaren da wuta ke shigowa daga fal, kuma kashe makunni ba ya kashe wannan ɓangaren. A daidai lokacin an ɗauke wuta, sai kawu ya ce, "To ai ga dama ta samu, ɗana, ka yi aikinka kafin su kawo." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, wanda ya ɗauke bai sanar da mu ba, kuma ba zai sanar da mu ba idan zai dawo da ita." A ganina wannan ne tarkon da ya fi kama masu gyara a ƙasarmu: mun saba da rashin wuta har muna ɗaukarsa tamkar an cire mana waya. Bayan haka, mita da abin da ke gabanta suna ƙarƙashin kulawar kamfani ne, akwai hatiminsu a jiki, kuma duk wanda ya karya shi, ko da kyakkyawar niyya, za a iya tuhumarsa da satar wuta a ci shi tara bisa ƙa'idojin NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya.

Washegari na je ofishin kamfanin rarraba wuta na yankin, wanda kawu har yanzu NEPA yake kiransa, duk da cewa tun Nuwamban 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Na kai takarda mai ɗauke da lambar mita da adireshi da bayanin abin da ya ƙone, na nemi a cire wayar daga fal na 'yan sa'o'i, sannan na roƙi a buga mini tambari a kan kwafina. Na kuma nuna takardar shaidar ƙwarewata ta NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin wayarin wuta, abin da ya gajarta tambayoyi. A kwana na uku ma'aikata biyu suka zo da tsani, kuma a tsawon jiran gidan ya zauna da babban makunni a kashe.

Abin da ya fi girgiza ni ya faru ne bayan sun cire wayoyin huɗu. Na ɗauko mitar gwaji, na fara jarraba ta a kan janareta don in tabbatar tana aiki, sannan na auna cikin akwatin, sai ga bolt sama da 200 a kan wasu bireka biyu, wato ƙananan makunnan da ke katse wuta da kansu idan ta wuce ƙima. Ashe akwai inbata ta sola a ɗakin ajiya da ba wanda ya ambata mini, kuma wanda ya haɗa ta bai raba layinta da na kamfani yadda ya kamata ba. Irin wannan haɗin ba mai gyara kaɗai yake yi wa barazana ba, domin wutar da ta koma baya ta janareta ko inbata tana iya bi ta taransifoma ta ninku zuwa bolt 11,000 a kan layin da ma'aikaci ya tabbata a mace yake. Na kashe ta, na cire batir, na sake aunawa tsakanin kowane layi da nutural da wayar ƙasa, sai da na ga sifili ko'ina kafin na sa hannu. Tun daga ranar, tambayata ta farko a kowane gida ita ce hanyoyi nawa wuta ke shigowa.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Na sa mahaɗi na musamman da ke haɗa alminiyam da jan ƙarfe, na canza babban makunni, na cire bireka mai amfiya 32 da aka ɗora wa siririyar wayar fitila mai milimita 1.5 na maye gurbinta da mai 10, na ƙara na'urar da ke katse wuta idan ta yi yoyon miliamfiya 30, na kuma sa wa inbatar canji-oba nata, wato makunnin da ke raba wutarta da ta kamfani.

Da yamma ma'aikatan suka dawo, suka duba, suka mayar da wayoyin, suka sa sabon hatimi. Na auna layukan uku a gabansu, kowanne ya tsaya kusa da ɗan'uwansa. Firjin kicin dai bai tashi ba, injinsa ya riga ya ƙone tun daren farko. Kafin in rufe murfin na rubuta sunan kowane ɗaki a ƙarƙashin birekarsa, a sama kuma da jan alƙalami na rubuta cewa gidan yana da inbata, a kashe ta kafin a taɓa komai.