Farantin Sin, Kuɗin Amurka

Shekara tara ke nan ina sana'ar sola a Kano. Shago ne ƙarami, ni da yara huɗu. Muna sayar da faranti da batir da inbata, mu kuma hau rufi mu haɗa wa mutum da kanmu. Duk abin da ke kan kantata daga Sin ya fito, har wayar da muke jona batir da ita. Ba abin mamaki ba ne, tunda sama da kashi 80 cikin ɗari na farantan sola na duniya a can ake ƙera su.

Amurka ba ta jin daɗin haka. Tun 2012 take ɗora wa kayan solar Sin haraji. A 2018 Trump ya sa kashi 30 a kan farantan da ake shigo da su, a 2024 Biden ya ninka harajin ƙwayar sola ta Sin, wato ƙananan sassan da ake jerawa a haɗa faranti, zuwa kashi 50, sannan a watan Afrilun 2025 harajin da ke kan yawancin kayan Sin ya kai kashi 145 kafin ƙasashen biyu su zauna su sassauta. Masana'antun Sin kuwa sun riga sun ƙera fiye da abin da kasuwa za ta iya ɗauka. Kaya suka yi musu yawa, farashi ya karye, suka juyo wajenmu. Dillalin da a da sai na yi kwana uku ina jiran amsarsa, yanzu shi ke riga ni sallama a WhatsApp.

Wannan arha ta zo daidai lokacin da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta zo shago da ƙullin kuɗin adashenta, ta ce, "Ɗana, janareta ya cinye mini jari." Muka ɗora mata faranti shida. Ranar da firizarta ta kwana tana aiki ba ƙarar inji, da sassafe ta aiko mana da kunun aya mai sanyi. Irin wannan aikin ne ke sa ni son sana'ar nan.

Sai dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗi. Kayan na Sin ne, amma lissafin da dala ake yi. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, ta lashe ragin da aka yi mana. Najeriya da Sin sun ƙulla yarjejeniyar musayar naira da yuwan, kuɗin Sin, ta yuwan biliyan 15 tun 2018, amma ni har yau kafin in faɗa wa mai saye farashi sai na kira ɗan canji a Wapa.

Arha kuma tana jawo jabu. Akwai farantin da za a rubuta masa wat 550 alhali bai kai ba. Shi ya sa duk kayan da suka iso sai mun fito da su bakin shago da tsakar rana mun sa mita, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gaza, ba ya hawa rufin kowa da sunana.

Gobe in Allah Ya kai mu muna Kura, wajen wani manomin rani da zai ajiye injin fetur ya koma famfon sola. Yara sun gama ɗaure farantai takwas a bayan a-kori-kura.