Godiya Bayan Jinyar Abban Yara

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an sallamo mu. Abban yara yana takawa da sanda daga gado zuwa bakin ƙofa, kofi ma yana riƙewa ba ya suɓuce masa. Wanda ya gan shi watannin baya ya san mun yi nisa. Ni kam gajiya ta gama da ni, amma barci ba zai yi daɗi ba sai na sauke wannan nauyi.

Masu ta tambayar abin da ke damunsa, cutar ba shanyewar ɓarin jiki ba ce. Sunanta CIDP. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa rufin jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa hannu da ƙafa, kamar a sale robar wayar lantarki, sai saƙo ya riƙa tafiyar hawainiya ko ya tsaya. Shi ya sa ta kama shi dama da hagu lokaci guda, da mutuwar yatsu da jin kamar ana soka masa allura. Likita ya ce 'yar uwarta Guillain-Barré takan kai matuƙa cikin mako 4, ita kuwa wannan sai ta haura mako 8 tana cin jiki a hankali. Can aka ɓata mana lokaci, kowa na cewa gajiya ce.

Ranar da na tsorata da gaske ita ce ranar da likita ya buga masa ɗan guduman roba a gwiwa, ƙafa ko motsi. Ya sake bugawa. Abban ya dube ni, na yi kamar ina gyara mayafi don kada ya ga idona. Daga nan aka yi gwajin gudun saƙo a jijiya, aka ɗebi ruwan ƙashin baya, aka ga furotin ya yi yawa, sannan cutar ta samu suna.

Washegari ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa, mutumin da bai taɓa yarda a miƙo masa takalmi ba. Ya juya fuska bango. Wata dattijuwar nas ta shigo, ba ta ce masa sannu ba, ba ta nuna tausayi ba, sai ta hau yi masa hirar jikokinta tana ɓalle masa ɗaya bayan ɗaya kamar ba komai. Har dariya ya yi. Baiwar Allah, ban ma san sunanki ba. Allah Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka.

Na san ba a son ambato, amma Yaya babba, ka yafe mini, sai na faɗa: kai ka ɗauki nauyin ƙarin ruwan IVIG na farko, wato maganin cutar da ake sawa ta jijiyar jini, ba tare da ka bari an ji ba. Ƙanwata auta da ta riƙe mini yara, maƙwabcinmu da yake goya Abban zuwa mota, masu gashin ƙashi da ba su gaji da mu ba, Allah Ya saka muku da gidan Aljanna, Ya raba ku da jinya, Ya buɗa muku ta inda ba ku zato. An ce mini daga ruwan jinin dubban masu ba da gudummawa ake haɗa wannan magani. Su ma Allah Ya biya su, duk inda suke.

Waɗanda ba su samu leƙowa ba, ko a waya, mun san hidima ta yi yawa. Ba komai.

Cutar takan lafa ta dawo, don haka za a ci gaba da ƙarin ruwan lokaci-lokaci, ga kuma maganin prednisolone da ke rage garkuwar jiki. Mai son zuwa dubiya, in kana mura ko tari, don Allah ka dakata sai ka warke. A ci gaba da sa mu a addu'a.